Dokta Barau Dikko: Likitan Farko Na Arewa, Da Asibitin Turawan Da Ya Koma Sunansa



Shekarun baya aka bugo mini waya daga gida cewa jikin Baffa ya matsa, fitsari ya ƙi fita, har an ɗauko shi daga Jimeta zuwa Kaduna wurin babban ɗansa, an kwantar da shi a asibitin Barau Dikko. Na rufe shago a nan Sabo, na bi motar dare. Kwana tara na yi ina jinya. Wanda ya taɓa jinya ya san yadda dare ke tsawo a asibiti, ba abin da ke rage shi sai hira da maƙwabcin gado. Akwai wani dattijo ɗan Kaduna da ke jinyar ƙanensa kusa da mu, duk wanda ya kira shi a waya sai ya ce masa yana Nasin Hom. Rana ta uku na kasa haƙuri na tambaye shi, Baba, ba Barau Dikko muke ba? Ya yi dariya, ya ce ai tsohon sunan wurin ke nan, kuma a zamanin da ake kiransa haka, ni da shi da Baffa ba mai kwantar da mu a ciki ko da za mu mutu a bakin ƙofa. Asibitin Turawa ne, an gina shi don ma'aikatan mulkin mallaka da iyalansu.

Baffa yana kwance idonsa a rufe, na ɗauka barci yake, ashe yana jinmu. Shi ya karɓe zancen. Mahaifinsu, wato kakana, kuku ne a gidan wani Bature a barikin Jimeta, can kan tudu inda iska ke kaɗawa, nesa da unguwannin bakin Binuwai. Baffa yana yaro yakan bi shi ya taya shi ɗebo ruwa da wanke tukwane. Abin da bai manta ba shi ne kullum da yamma sai an ajiye wa Baturen ƙwayar kwinin a ɗan faranti kusa da kofinsa, gadonsa da gidan sauro, tagoginsa da waya, ruwan shansa sai an tafasa an tace. In ya ɗan ji jikinsa ba daɗi, likita ne ke takowa har gida. A cikin gari kuwa, damina uku a jere Goggo tana binne yaro, duk zazzaɓi. Tsakanin gidan Baturen da ɗakin da yaran nan suka mutu tafiyar ƙafa ce da ba ta kai awa guda ba, kuma mutum ɗaya ne ke dafa abincin gidan can ya dawo ya kwana a gidan nan.

Tun daga ranar na ƙudurta sai na san ko wane ne wannan Barau Dikko da aka cire sunan Turawa aka sa nasa. Kunya ta kama ni da na ga da shekaruna ban san shi ba, alhali shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita.

Sunansa Russell Aliyu Barau Dikko. An haife shi a 1912 a ƙasar Zazzau, asalinsa Bafulatani, kuma Kirista ne. Na san wasu za su yi mamaki, don mu nan Kudu an saba a ɗauka duk mai jin Hausa da sunan Aliyu Musulmi ne, mu ma kanmu haka muke ɗauka. Ya tashi a hannun mishan ɗin CMS na Dokta Walter Miller. Shi Miller likita ne ɗan Ingila, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba shiri. Daga baya ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara, har wajen 1929 da aka mayar da mishan ɗin bayan gari, Wusasa. Wannan ɗan ƙauye na gindin dutse ya fitar da mutane ba kaɗan ba. Nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, nan Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, wanda shi ma likita ne kuma ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Barau Dikko yayansu ne duka a wannan hanya.

Daga makarantar mishan ya wuce King's College ta Ikko, daga can sai Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya gama karatun likita a ƙarshen shekarun 1930. Ku duba lissafin nan. Ƙasar Yarbawa ta samu likitanta na farko, Nathaniel King, tun cikin shekarun 1870. Arewa, da duk faɗinta da yawan jama'arta, daga Sakkwato har Yola, sai bayan shekara sittin da wani abu ta samu mutum guda. Wannan ba don kanmu ya fi na kowa tauri ba ne. Makarantun da gwamnatin Turawa ta buɗe a ƙasashen sarakuna kaɗan ne, kuma ko Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, malaman makaranta da ma'aikatan En'e aka shirya ta fitar. Ba wanda ya zauna ya tsara yadda ɗan Kano ko ɗan Adamawa zai zama likita. Mu ma da namu laifin, iyayenmu sun guji boko, da dalilinsu kuwa a lokacin. Shi ya sa na farkon ya fito ta ƙofar mishan.

To amma zama likita daban, a yarda kai likita ne daban. Sai mun koma baya kaɗan kafin a gane irin gidan da Dikko ya shiga da ya kama aikin gwamnati a 1940.

A ƙarni na 19 baƙar fata sun riƙe manyan muƙaman likita a Afirka ta Yamma. Africanus Horton ɗan Saliyo ya yi likitan sojan Ingila shekara da shekaru. John Farrell Easmon ya kai ga zama babban likitan gwamnati na Gwalkwas, Ghana ta yau, a 1893. Amma da mulkin mallaka ya kafu ya zauna da gindinsa, sai aka fara ja da baya. A Ikko, Dokta John Randle, wanda ya yi karatu a Edinburgh kamar kowane Bature, rabin albashin takwaransa fari ake biyansa, ya yi ta ƙorafi har suka rabu da gwamnati a 1893. A 1902 kuwa aka daina ɓoye-ɓoye. Aka haɗa likitocin gwamnati na Najeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya a ƙarƙashin hukuma guda, aka rubuta a sharaɗin shiga cewa sai wanda iyayensa Turawa ne. Likita baƙar fata, ko da ya fi su takardu, sai dai a ɗauke shi a wani layi na daban, albashi ƙasa, girma ƙasa, kuma ba a son ya ba Bature umarni ko ya duba matar Bature. Da aka buɗe makarantar likita ta Yaba a 1930, takardar da take bayarwa ta mataimakin likita ce, ba ta aiki a wajen Najeriya.

Haka marasa lafiya ma aka raba su. Abin da ya fi ba ni haushi a wannan tarihi shi ne da ilimi aka kafa hujjar rabawar. A 1897 wani likitan sojan Ingila, Ronald Ross, ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓi. Wannan babban alheri ne ga duniya. Hanya biyu ta buɗe: ko a yaƙi sauron a ba kowa magani, ko a ɗauke Bature a kai shi inda sauron da ya ciji baƙar fata ba zai kai gare shi ba. Gwamnan Ikko na lokacin, William MacGregor, wanda shi kansa likita ne, ya zaɓi ta farko. Ya sa aka cike fadamu, aka raba kwinin, ya ƙi yarda a ware unguwa. Amma ra'ayinsa bai yi rinjaye ba. Masu rinjaye suka ce yaran baƙar fata su ne rumbun cutar, don haka a nisance su. Lugga ya mayar da abin doka: tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa a bar fili na yadi 440, wato kwatan mil, ba gini ba kwana, wai sauro ba zai iya ƙetarewa ba. Asalin GRA ke nan da muke sha'awa yau. Yaran da aka ce su ne rumbun cutar kuwa, irin ƙannen Baffa, ba a ce a yi musu komai ba. Kuma kukun da boyin da ke shiga gidan kullum ba a ce sauro na bin su ba, tunda ba mai iya zama ba su.

Kowane babban gari da asibiti biyu. Ku da ke Ibadan kun san Jericho kun san Adeoyo: na farko na Turawa ne, na biyu na 'yan gari. A Ikko akwai Asibitin Turawa da Asibitin 'Yan Afirka, haka sunayensu suke a rubuce, ba kunya. A Kano akwai na Nasarawa da na cikin birni, wanda En'e ta gina da kuɗin harajin talakawa, shi ne na Murtala a yau. A Kaduna ga Nasin Hom. Turawan da ke ƙasar 'yan dubbai ne, mu miliyoyi, amma likitan gwamnati aikinsa na farko lafiyar ma'aikaci Bature, sai soja da ɗan sanda da lebura, sannan in lokaci ya ragu a waiwayi sauran jama'a.

A lardinmu na Adamawa, wanda Turawa suka ci da yaƙi a watan Satumba na 1901 suka kori Lamiɗo Zubairu, rabon talaka ya fi fitowa ta hannun 'yan mishan. Dokta Niels Bronnum ɗan Denmark ya sauka Numan a 1913 yana magani. 'Yan mishan daga Amurka suka kafa Garkida a 1923, suka buɗe zangon kutare a 1929 wanda ya yi suna har wajen lardin. Gaskiya ɗaya ce, sun yi aiki, kuma da yawansu a nan aka binne su. Amma a ce lafiyar lardi guda ta dogara ga sadakar baƙi, gwamnatin da ke karɓar haraji da jangali tana gefe, ai an san inda aka sa gaba.

Wannan shi ne gidan da Barau Dikko ya shiga yana ɗan shekara 28, a matsayin ƙaramin likita. Ina yawan kwatanta abin a raina: dattijo ya zo daga ƙauye da ciwon da ya shekara yana ɓoyewa, ya saba sai ya faɗa wa tafinta, tafinta ya faɗa wa Bature abin da ya ga dama, yau ga likita da farar riga yana tambayarsa da Hausa tsantsa ina ke yi masa ciwo. Mu mazauna Kudu mun fi kowa sanin darajar wannan. Wa a cikinmu bai taɓa raka mace asibiti ba, tana naƙuda tana Hausa, ma'aikaciya tana Yarbanci ko Turanci, kowa na ganin ɗayan ne ba ya ji? Na taɓa tsayawa a wani asibiti a nan ina fassara wa wata baiwar Allah da ban sani ba, aka ce mini tun safe take zaune an tsallake ta don ba ta amsa sunanta ba, ashe yadda aka kira sunan ne ba ta gane ba.

Zamaninsa na aiki ya zo daidai da lokacin da katangar ta fara tsagewa. A 1947 aka hana wani babban jami'in Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, Ivor Cummings, ɗaki a otal ɗin Bristol na Ikko saboda baƙi ne. Ikko ta ɗauki zafi, jaridu suka yi ca, har Gwamna Arthur Richards ya haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Asibitin Turawa na Ikko ya koma Asibitin Creek. Sai dai an canza allo ne, ƙofar ba ta buɗe wa kowa ba: aka ce yanzu na manyan ma'aikata ne, manyan ma'aikatan kuwa kusan duk Turawa ne, sai ɗaiɗaikun 'yan ƙasa irin su Dikko.

Ya hau matakan a hankali. Shekara 13 ya yi kafin ya zama babban likita a 1953. A 1957 aka ba shi jagorancin sashen cututtukan da suka zaunu a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. A ganina wannan ne muƙamin da ya fi dacewa a tuna shi da shi, ko da yake ba shi ne mafi girma ba. Cututtukan da suka zaunu su ne namu na talakawa, waɗanda ba sa hawa tudun bariki: kuturta, ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, wanda ya sa aka tashi garuruwa a ƙasar Anchau aka gina Takalafiya, da makantar bakin kogi da ta addabi mutanen kwarin Hawul, da kurkunu, da sauransu. Aiki ne na ayarin ma'aikata masu bin ƙauyuka, ana tara mutane a gindin bishiya ana duba wuya da fata, ana ba da ƙwaya. Ba a yin suna da shi. Daga baya ya zama babban sakataren ma'aikatar gaba ɗaya, kujerar da a ranar da ya kama aiki ba mai mafarkin baƙar fata zai zauna a kai.

Akwai wani ɓangaren rayuwarsa da 'yan siyasa suka fi sani. A 1948 'yan bokon Arewa suka fara taruwa a Zariya da Kaduna suna tunanin makomar yankin, Dikko na kan gaba a taron Zariya. Ƙungiyoyin suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a babban taronta na Kaduna a watan Yuni na 1949 shi aka zaɓa shugaba. A zauren akwai irin su Abubakar Imam, Malam Aminu Kano da Yusuf Maitama Sule. Ku tsaya ku ji: taron da kusan duk Musulmi ne, suka ɗora Kirista ɗan mishan a kan kujera, don shi ne ya fi su karatu kuma sun yarda da shi. Da aka mayar da ƙungiyar jam'iyyar siyasa a 1951, wadda ta zama NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, doka ta hana ma'aikacin gwamnati siyasa. Dikko ya zaɓi asibiti ya bar musu kujerar. Wani zai ce ya yi wauta, tunda waɗanda suka gaje shi su suka mulki ƙasar. Ni dai ina ganin yankin da ke da likitoci 'yan ƙasa da ba su cika yatsun hannu ba, asarar guda ta fi asarar minista goma.

Siyasar ta biyo shi daga baya. A 1967, ana shirin shiga yaƙin basasa, Gowon ya naɗa shi kwamishinan tarayya na ma'adinai da wutar lantarki, a zamaninsa aka yi dokar man fetur ta 1969. A 1971 aka mayar da shi sufuri. Wannan babin ban cika damuwa da shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani abu da ya faru yana kan waccan kujera. A farkon 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, can kusa da iyakarmu da Borno. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta New York ta rayu, kuma daga jininsu masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin. Matan nan aikin taimakonmu suka zo, ba mai zarginsu. Amma bincike ya nuna cutar ta daɗe ƙwarai a ƙasarmu kafin wannan shekara. Mutanen ƙauye nawa ta kashe aka ce zazzaɓi ne ko mayu? Ba ta samu suna ba sai da ta taɓa farar fata.

Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya a ƙasashen da aka mallaka. A Amurka, daga 1932 har 1972, hukumar lafiyar gwamnati ta sa ido kan baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee ba tare da yi musu magani ba, har bayan an samu fenisilin, don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum. Yau ma alƙaluman hukumar CDC ta ƙasar suna nuna baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa a dalilin ciki da haihuwa kusan ninki uku. 'Yan uwanmu da ke can suna tuƙin tasi a Bronx sun san zancen.

A gida kuwa Turawa sun tafi, yadi 440 ya cika da gidaje da shaguna, amma asibiti biyun nan suna nan. Yanzu aljihu ke raba su. Akwai ɓangaren masu kuɗi mai na'urar sanyi, akwai inda ake shimfiɗa tabarma a baranda. Wanda ya fi ƙarfin duka biyun kuma sai ya hau jirgi zuwa Landan, Kairo ko Indiya, kamar yadda Bature ke komawa gida hutu in jikinsa ya gaji da ƙasarmu. Na kan tambayi kaina ko Dikko da abokansa na 1949 da wannan suka kwana a rai.

Ya rasu a 1977 yana da shekara 64 ko 65. Aka sa wa tsohon Nasin Hom sunansa, yanzu kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, inda 'ya'yan talakawa ke koyon aikin likita.

Wadda ta duba Baffa a zagayen safe ranar da za a sallame mu wata yarinya ce ƙarama, ɗaliba ce ma tana bin babban likita. Ta durƙusa ta gaishe shi, da ta ji harshensa sai ta juya zuwa Fulatanci, ashe 'yar Girei ce. Baffa ya riƙe hannunta ya ƙi saki, yana tambayarta gidan wa take, har sai da babban likitan ya yi gyaran murya. Ya ƙara shekara huɗu a duniya bayan aikin, a ɗakinsa na Luggere ya cika.